Kwalbar Innarku

Da sunan Allah nake buɗe wannan babi kamar sauran, sai dai alƙalamin ya fi yi mini nauyi a nan. Na riga na ba ku labarin yadda na gaji aska a hannun kakanku, da yadda muka baro tsohon gidanmu na cikin gari muka kafa namu a Tudun Wada. Waɗancan labarai ne na tsakar gida, a faɗa a yi dariya. Wannan kuwa shekara da shekaru ina kewaye shi. Dukanku kun tashi da magana ɗaya a baki, wai likitocin kyauta ne suka kashe Innarku. Bello ya faɗa a gabana, Rabi ta faɗa tana kuka, har jikokin da ba su san kamanninta ba sun iya maimaitawa. To, ku karanta har ƙarshe. Kada wani ya ajiye takarda a tsakiya ya zo yana buga mini ƙofa da tambaya, ba ni da wata amsa da ta wuce abin da ke nan.

Sai kun tuna da aikin gidanmu kafin ku gane sauran. Wanzami ba ya barin abin da askarsa ta cire a sarari. In na cire wa jariri beli, sai na ɗora a kan auduga na nuna wa ubansa ya gani da idonsa, sannan a binne. Jinin ƙaho rami ake tona masa a bayan ɗaki. Gashin askin suna a hannun uwa ake sa shi. Abin da aka yanke wajen kaciya kuwa, kakanku ba ya wanke hannu sai ya ga ƙasa ta rufe shi. Ba tsabta kaɗai ke sa mu yin haka ba. Akwai masu neman irin waɗannan abubuwa, kuma ba labari aka ba ni ba. Ina saurayi wani mutum ya zo zaurenmu da babbar riga da ƙamshin turare, ya yi gaisuwa mai tsawo, ya yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe ya ce in lokacin kaciyar yara ya yi a ajiye masa abin da aka yanke, akwai aikin da za a yi masa da shi. Kakanku ya cire takalminsa ya bi mutumin da shi har bakin titi. Da ya dawo yana haki, ya dube mu ni da yayana, Baffanku Buhari, ya ce:

"Duk abin da yaf fito jikin ɗan Adam, ku ba mai shi, ko ku ba ƙasa. Wanda yas saɓa wanga cikinku, ban yahe mashi ba."

Da wannan magana na girma, da ita na yi furfura.

Innarku Luba ta kai shekara tana ɗauke da ƙari, ku gafarce ni, a mamanta na hagu. Ba ta nuna wa kowa ba sai ni. Na taɓa na ji ba maruru ba ne, ba shi da zafi, ba shi da baki, ga shi nan dai kamar goro a ƙarƙashin fata. Na dafa mata saiwoyi, na karɓo mata rubutu, amma na hana askata zuwa wurin don na san ba hurumina ba ne. Sau biyu ta yi mini maganar asibiti, na ce a dakata. Gaskiyar magana girman kai ne. Wanzami ɗan wanzami ya kwashi matarsa ya kai wa yara masu farar riga su yanka, gobe da wane ido zan dubi waɗanda nake yi wa ƙaho? Da kaka ta yi, ta tafi ƙauyensu bikin ɗiyar ƙaninta, Kawunku Umaru. Kwana huɗu da tafiyarta sai ga wayar Umaru. Kun san shi, ƙanin mata ne, tun yana yaro ba ya raga mini, ni ma ba na raga masa.

"Malam Shehu, likitoci sun sauka garinmu daga birni, aikin tiyata sukai kyauta. Na rubuta sunan Yaya Luba, sun duba ta, sun ce jibi za su cire abin. Amma sai mijinta ya sa hannu."

"Kai Umaru, wa ya aike ka? Matata ce ko taka?"

"Taka ce, shi yas sa nika kiranka. Da tawa ce da tuni an gama. Ni ba wanzami ba ne, balle in yi kishi da masu allura."

Na kashe wayar raina a ɓace, na fita zaure inda Yaya Buhari ke wasa askarsa a kan fata. Na gaya masa. Bai ɗago ba sai da ya gwada kaifin a gashin hannunsa, sannan ya yi wata dariya ta gefen baki.

"Kyauta? A ƙasar nan? Mutum ya baro gidanshi a Arkilla, unguwar masu hali, da fanka da ruwan sanyi, ya tahi ƙauyen da ko wuta babu, ya kwana uku a tsaye shina yankan mutane, ya dawo bai karɓi ko goro ba? Shehu, buɗe idonka. Abin da suka cirewa shi ne ladansu. In ta matsa sai an yi, to a yi, amma kada ka baro naman matarka a hannunsu."

Ban yi masa musu ba, domin abin da ke cikin raina ya faɗa. Da safe na rataya zabirata, jakar kayan aikina da ba na tafiya ba tare da ita ba, na shiga motar kasuwa.

Abin da na tarar ya fi ƙarfin ɗan asibitin garin. An kafa rumfuna a filin gabansa, janareta na ta ruri, mutane kwance da zaune daga ƙauyukan da ko sunansu ban taɓa ji ba. Ga masu gwaiwa suna tafiya a tattale, ga mata masu maƙoƙo sun rufe wuya da mayafi, ga tsofaffi masu yanar ido ana jan su da sanda. Wasu a amalanke aka kawo su. Ba zan ɓoye muku ba, na ga dattijon da aka yi wa aiki da safe yana zaune da yamma yana sa wa likitocin albarka har yana hawaye. Amma ni ba wannan na je gani ba. Idona na kan wani mai ɗaukar hoto da suka zo da shi, ina tambayar kaina wa za a kai wa hotunan. Idona na kan ɗakin da aka rufe tagoginsa da labule, ba a barin ɗan uwan mara lafiya ya shiga. Mu a gaban dangi muke aiki, a tsakar gida, rana tsaka. Mai aikin gaskiya me zai sa ya rufe fuska ya rufe ƙofa? Haka na yi ta saƙawa. Abin da ya ƙara ba ni haushi, mutanen da suka san ni a kasuwanni sai suka riƙa cewa, ai tunda wanzami da kansa ya kawo iyalinsa, babu abin tsoro. Wato an mai da ni shaida ban sani ba.

Likitar da za ta yi wa Innarku aiki mace ce, Saratu sunanta, ba za ta girmi Bello da yawa ba. Da aka ce mata ga mijin Luba, sai ta bar abin da take yi ta russuna ta gaishe ni. Ta ce ita ma 'yar cikin garin Sakkwato ce, gidansu gidan malamai ne, har ta ce mahaifina ne ya yi wa yayyenta askin suna. Wani zai ji daɗi. Ni kuwa na ce a raina, kun ji zaƙin baki, ta riga ta binciki asalina. Na shiga inda mata suke na sami Innarku zaune a kan tabarma. Kun san ta, ba mai yawan magana ba ce, in ta yi shawara da kanta ta gama sai dai ka ji sakamakon.

"Malam, na gaji da ɗaukar abin ga. Ko ruwa na ɗauka sai na tuna da shi. Ka sa musu hannu."

"Kin san ko su wane ne?"

"Na san sun taɓa wurin ba su yamutsa fuska ba. Ka sa hannu."

Na sa. Washegari Juma'a da hantsi aka shiga da ita, kafin rana ta take an fito da ita idonta biyu, tana cewa ba ta ji komai ba sai sanyi. Na yi hamdala. Daga nan na tare Likita Saratu a bakin ƙofa, ko safar hannu ba ta gama cirewa ba, na ce ina abin da aka cire? Ba ta yi gardama ba, ta koma ciki ta fito da wata 'yar kwalba mai faɗin baki. Ga ƙarin a ciki yana iyo cikin wani ruwa mai hawa hanci, an manna filasta a jikin kwalbar an rubuta sunan Innarku. Na duba da kyau, na ga an cire shi tsaf. Na miƙa hannu.

"Na gani. To, ba ni."

"Ba yanzu ba, Baba. Ƙari iri biyu ne. Akwai wanda in an cire shi, shi ke nan an rabu. Akwai mai saiwa, wanda aka ce ma daji. Ido ba ya rarrabe su, ko naka ko nawa. Sai mun kai shi birni an yanka shi siriri-siriri an duba da na'ura. In mai saiwa ne, sai mu kira Inna da wuri a yi babban aiki a sa ta kan magani, tun bai yi nisa ba."

"In an gama dubawa, a maido mani in binne?"

Nan ta ɗan yi shiru. Wannan shirun, wanda bai kai a ƙirga uku ba, shi ya yanke hukunci a zuciyata. Ta ce:

"Gaskiya ba a saba maidowa ba. Abin da yar rage ƙonawa akai. Amma tunda ka yi magana, na yi maka alkawari zan bi sawu in karɓo maka."

"Naman musulma a ƙona? Innalillahi! Ke da kika ce gidan malamai kika fito?"

Ta ba ni haƙuri, ta maimaita alkawarinta, aka kira ta wani aikin ta shige da kwalbar. Yau na san mai shirin cuta ba zai gaya maka maganar ƙonawa ba, cewa zai yi an gama, gobe ka zo ka karɓa. Gaskiyarta ce ta sa ta yi shiru, ni kuma na karanta shirun a matsayin ƙarya.

Na zauna a gindin bango ina kallo. Na ga inda ake kai kwalaben, wani ɗan ɗakin ajiya a gefe, ƙofarsa ba kwaɗo sai ƙusa da aka lanƙwasa. Da aka yi kiran Juma'a maza suka watse zuwa masallaci, har da likitocin da direbansu. Matan cikinsu suna can wajen waɗanda aka yi wa aiki. Umaru ya zo ya ce mu tafi, na ce ya yi gaba, cikina ke juyawa. Da filin ya yi tsit na tashi na murɗa ƙusar. Kwali ne babba a kan tebur, cike da kwalabe, kowace da sunan mai ita. Na ce lallai Yaya Buhari ya yi gaskiya, ga kayan an jera kamar na kai wa kasuwa. Na ɗaga su ɗaya-ɗaya har na sami ta Innarku, na jefa a zabira, na mai da ƙusar yadda take. Na bi ta bayan gari har gefen maƙabarta, na tona rami da hannuna da wani guntun ƙarfe a ƙarƙashin wata aduwa. Na naɗe naman a farin ƙyalle na sa a ciki, na sa kwalbar a gefensa, na rufe na daddanna. Tun da na balaga ban taɓa rasa Juma'a ina da lafiya ba sai ranar. Na yi azahar ni kaɗai a cikin kara. Kuma kada ku ce zuciyata ta buga, wallahi daɗi na ji, na ga na cika umarnin ubana na tsare mutuncin matata.

Muka dawo Sakkwato. Ɗinkin ya warke lafiya lau, har ina duba shi ina cewa a raina yarinyar nan dai ta iya hannu, ko da yake ban taɓa faɗa a fili ba. Innarku ta koma dakanta da surfenta, ta yi ƙiba, tana dariya. Bayan mako uku, muna zaune a zaure da Yaya Buhari da wasu maƙwabta bayan la'asar, sai waya ta yi ƙara. Kun san wayata ta lokacin, in ana magana har na bakin titi yana ji. Likita Saratu ce. Ta gaishe ni, ta tambayi jikin Inna, sannan muryarta ta sauka.

"Baba, wata matsala ta faru. Kwalbar Inna ba mu gan ta ba. Duk sauran sun iso, ita kaɗai ce babu. Mun duba mota, mun aika garin an duba, ba a samu ba. Don Allah ka kawo ta asibiti in duba ta, mu ɗauki hoton wurin, mu riƙa bin ta wata-wata tunda ba mu san irin ƙarin ba."

Na ce to, na kashe. Yaya Buhari ya tafa hannu ya dubi maƙwabta ɗaya bayan ɗaya.

"Kun ji ko? Ta ɓace! Cikin kwalabe duka, ta matar wanzami ce tay yi ƙafa. An sayar, Shehu, an sayar! Yanzu kuma a kawo ta su ƙara ɗiba. Ban hwaɗa maka ba?"

'Ya'yana, nan ne wurin. Satar kwalba jahilci ne da tsoro, ina fatan Allah Ya dubi niyyata a kanta. Amma abin da na yi a zauren nan ba jahilci ba ne. Kalma biyar ta isa: ni na ɗauka na binne. Da Yaya Buhari ma yaba mini zai yi. Sai dai in na faɗa, magana za ta kai kunnen Umaru, ta kai kunnen likita, a ce Malam Shehu ya bar sallar Juma'a ya shiga ɗakin mutane ya yi sata. Innarku kuma za ta dube ni da idon nan nata. Na dubi maƙwabta suna jinjina kai suna tausaya mini, sai na ji tausayin ya fi mini sauƙin ɗauka. Na girgiza kai na ce, Allah Ya kyauta.

Ƙarya ɗaya kuma ba ta zama ita kaɗai. Tunda na yarda an sayar, ba ni da fuskar da zan kai ta wurinsu. Likita ta sake kira, na ce muna nan tafe. Ta sake, na ƙi ɗauka. Da ta gaji sai ta bi ta hannun Umaru, ya hau mota takanas ya zo har gida. Ranar ba wasa a bakinsa. Ya ce likita ta ce ko kuɗin kabu-kabu ne ita za ta biya, a dai kawo Yaya Luba. Yaya Buhari ya tashi ya wanke shi tas, ya ce Umaru ne ya kai 'yar uwarsa mahauta, in yana da kunya bai kamata ya tako gidan nan ba. Ina zaune ina ji ban tanka ba. Tun daga ranar Kawunku ya ɗauke ƙafa, ku kuma kuka ɗauka wulaƙanci ne irin na dangin uwa. Da ya tafi na shiga cikin gida, Innarku tana tsince shinkafa a faifai, ba ta ɗago ba ta ce:

"Malam, da mun je. Ai dubawa ce, ba yanka ba."

"Wani wuri na yi maki ciwo?"

"A'a."

"To, zauna. Mai lafiya ba ya zuwa neman cuta."

Ta ci gaba da tsintar shinkafarta. Ba ta sake tayar da maganar ba.

Yaya Buhari kuwa ya sami abin faɗa. Kun san wanzami, kan mutum na hannunsa, kunnen ma na hannunsa. Kasuwa-kasuwa yake bi, duk wanda ya zauna aski sai ya ji yadda likitocin kyauta suka sayar da naman matar ƙaninsa. Ba ƙarya yake yi ba a saninsa, kuma har ya koma ga Allah bai san gaskiya ba, kada ku riƙe shi da komai. Daga baya na ji da likitocin suka koma garin su Innarku, rumfunan kusan wayam suka yini. Masu gwaiwa suka ɓuya a gonaki, mata masu maƙoƙo mazansu suka hana su fita. Ban san adadinsu ba, ban san sunayensu ba, amma suna cikin abin da za a tambaye ni.

Damina na tsakiya Innarku ta kira ni ɗaki da rana ta ce in taɓa hammatarta. Na taɓa. Hannun da ya shekara arba'in yana taɓa jikin mutane ba ya buƙatar na'ura a nan. Abu ne mai tauri kamar dutse, ba ya motsi, kuma ba ɗaya ba ne. Tabon ɗinkin ma ya fara tasowa. Na zauna a bakin gado. Ta gyara mayafinta ta ce:

"Wannan karon ba shawara nika yi da kai ba, Malam. Kai ni wurin yarinyar nan."

Na kai ta babban asibiti. Ina ta shirya abin da zan ce in likita ta tambaye ni dalilin ƙin ɗaukar waya, amma ko sau ɗaya ba ta tambaya ba. Ta rungume Innarku kamar uwarta, ta bi mu ɗaki-ɗaki har aka gama hotuna da gwaje-gwaje. Da sakamako ya fito ta zaunar da ni ta ce mai saiwa ne, kuma saiwar ta kai ƙirji ta kai ƙashin baya. Aiki ba zai yi amfani ba yanzu, sai maganin rage zafi da abin da Allah Ya yi. Sauran kun gani da idonku, ba sai na bi da ku ta cikinsa ba. Rabi ce ke juya ta, Bello ke zaryar kantin magani, ni kuwa ina zaure ina karɓar masu dubiya, ina jin suna tsine wa likitoci ina cewa a bar wa Allah.

Sau ɗaya na yi yunƙuri. Wata rana da hantsi kun fita duka, na zauna kusa da ita ina yi mata fifita. Ta rame har zoben hannunta Rabi ta ɗaure mata shi da zare. Na ce, Luba, maganar kwalbar nan. Ban kai ga kalma ta gaba ba ta ɗaga hannu.

"Bar zancen kwalba, Malam. Yarinyar nan ba da gangan tay yi ba, kowa na mantuwa. Kullum taz zo duba ni idonta jawur. Ni na yahe mata. Kai ma ka daina riƙe ta a rai, na ga abin na cin ka."

Ta ga abin na ci na, ta ɗauka fushi ne. Na buɗe baki, na dubi yadda numfashinta ke fita da ƙyar, na ce wa kaina ba yanzu ba, kada in ƙara mata nauyi. Ƙarya nake yi wa kaina, tsoro ne. Na ci gaba da fifita. Kwana tara bayan nan ta cika da safe, ta tafi bayan ta ba da yafiyarta ga wadda ba ta yi mata laifi ba, ni kuma ban roƙa ba balle in samu.

Ranar sadakar uku, an shimfiɗa tabarmi daga zaure har bakin titi. Liman na gefena, Yaya Buhari na ɗaya gefen, Umaru can ƙarshen tabarma ya sunkuyar da kai. Sai ga keke mai ƙafa uku ya tsaya, Likita Saratu ta fito da dogon hijabi. Ta shiga cikin gida wajen mata. Daga baya aka ce mini ta miƙa wa Rabi hannu Rabi ta juya mata baya, kuma ba wadda ta matsa mata a tabarma. Ba ta daɗe ba ta fito. Na ɗauka tafiya za ta yi, sai na ga ta cire takalmi ta durƙusa a bakin tabarmar maza, a kan ƙasa, gaban mutanen unguwa duka. Ta yi ta'aziyya, sannan ta ce:

"Baba, na zo neman gafara. Ni nis sa kwalbar Inna a kwali da hannuna. Ni ya kamata in ƙirga su kafin mota ta tashi, ban ƙirga ba sai da muka iso birni. Da tana hannuna, wata guda ya isa in san irin ƙarin, da ko ka ƙi ɗaukar waya sai na zo gidan nan na ɗauke ta da kaina. Ban ce da ta rayu ba, rai na Allah ne. Amma da mun tare shi da wuri. Sakacina ne, kuma ban san abin da zan ce wa Allah ba. Don girmanSa ka yafe mani."

Yaya Buhari ya yi tsaki ya kau da kai. Wani daga baya ya ce Allah Ya isa. Ita tana durƙushe hawaye na ɗiga a kan hijabinta, ba ta ɗago ba. Ni kaɗai a duk taron na san inda kwalbar take, har itacen da ke kanta na sani. Liman ya taɓa gwiwata a hankali ya ce:

"Malam Shehu, an roƙe ka da Allah."

Na dubi liman, na dubi mutanen unguwa sun zuba mini ido suna jiran su ga irin haƙurina. Na gyara murya, na ce:

"Na yafe maki, ɗiyata. Allah Ya yafe muna baki ɗaya."

Aka ce amin, har wasu na cewa Malam Shehu mutum ne, ba kowa zai iya ba. Ita kuwa ta ɗago ta yi mini godiya. Wallahi godiya ta yi mini, har sau biyu. Ta sa takalminta ta taka zuwa bakin titi neman abin hawa, ba wanda ya raka ta. Ni kuma na gyara zama a kan tabarma na ci gaba da karɓar gaisuwa.